Ina Mashayi Zai Dosa In Ya Yi Niyyar Bari?

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taɓa bin babbar hanyar mota wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri da Kwantagora, ya san garuruwan nan uku na ƙasar Gwandu da ke bin juna a bakin hanya, watau Aliero da Jega da Maiyama. Aliero ta yi suna wajen noman albasa da kuma gwanayen ɗori, ga ta yanzu da jami'ar kimiyya da fasaha wadda aka kafa a shekarar 2006. Jega kuwa tun zamanin kakanni kasuwarta ke tara fatake, ga kuma kwalejin koyon aikin kiwon lafiya. Maiyama ta manoma ce da masu kiwo. A garuruwan nan duka, tun daga shekarar 2000 da Jihar Kebbi ta ɗauki shari'ar Musulunci, ba a buɗe gidan giya a fili, kuma Musulmin da aka kama da laifin sha yana iya fuskantar bulala.

Mai karatu zai ce to, ashe magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba. Doka ta kori kwalba daga kan teburi, amma ba ta iya shiga aljihun riga ba. Giyar da ake ƙullawa a 'yar leda, wadda ba ta fi a dunƙule ta a tafin hannu ba, ita ce ta sa hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar hana yin ta da sayar da ita a farkon shekarar 2024, har aka yi ta ja-in-ja da masu kamfanoni a kan lamarin. Ga burkutu da ake dafawa da dawa, ga ogogoro mai ƙona maƙogwaro. Wanda ya riga ya kamu ya san inda zai samu, ko da dare ya raba.

Abin da ya dame mu a wannan shafi shi ne mutumin da ya gaji. Ɗauki misalin akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma, wanda albashinsa ba ya kai goma ga wata, an ba shi takardar tuhuma sau biyu saboda makara, uwargida ta yi yaji sau uku. Ko kuwa ɗalibin da ya fara da kurɓa ɗaya don abokai kada su ce masa bagidaje, yau ga shi ba ya iya riƙe biro da safe sai ya kurɓa. Irin wannan mutum ya sha rantsuwa cewa ya bari, ya sha yin kuka bayan sallar asuba, ya kuma koma. Wa'azi ya ji shi har ya haddace. Zagi ya sha shi. Abin da bai taɓa samu ba shi ne wanda zai zauna da shi ya ce masa, ni ma haka na yi, ga kuma yadda na fita.

YADDA ABIN YA SOMA

A watan Mayu na shekarar 1935 wani dillalin hannun jari daga birnin New York na ƙasar Amurka, mai suna Bill Wilson, ya je garin Akron a jihar Ohio don wani ciniki, cinikin kuwa ya watse. Watanninsa biyar ke nan da barin giya bayan ta kusa hallaka shi. Yana tsaye a zauren otal ɗin da ya sauka, ga mashaya can gefe ana ta shewa, sai ya ji zuciyarsa tana jan sa. Maimakon ya shiga, sai ya kama buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi ɗan'uwansa, domin ya lura cewa duk sa'ad da yake ƙoƙarin taimakon wani mashayi, shi kansa ba ya sha. Aka haɗa shi da wani likitan fiɗa, Dokta Bob Smith, wanda giya ta ci masa mutunci da sana'a. Likitan ya yarda zai ba shi minti goma sha biyar kawai. Sai da suka shafe wajen awa shida suna magana.

Ranar 10 ga watan Yuni na 1935 ita ce ake lissafawa a matsayin ranar da Dokta Bob ya yi shansa na ƙarshe, kuma daga ita ake ƙirga shekarun ƙungiyar da ta tsiro daga wannan haɗuwa, watau Alcoholics Anonymous, ko A.A. a taƙaice, ma'ana mashayan da ba su bayyana sunansu. A 1939 suka buga littafinsu wanda ya ƙunshi matakai goma sha biyu. Yau ƙungiyar tana da mabiya wajen miliyan biyu a ƙasashe kusan 180. A 1951 matan mashaya, ciki har da Lois matar Bill, suka kafa tasu mai suna Al-Anon don iyalai, a 1953 kuma aka kafa Narcotics Anonymous a Kalifoniya don masu fama da ƙwaya da sauran kayan maye.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a cikin wannan dabara ba. Mun san gayya, inda kowa ke kawo fartanyarsa a nome gonar mutum ɗaya, gobe a koma ta wani. Mun san adashi. Mun kuma san majalisa, wadda kusan kowane magidanci yake da tasa a ƙofar wani gida ko gindin wata bishiya. A ganina ma babbar matsalar mai son barin giya a ƙasarmu ita ce majalisa. Abokan hirarsa su ne abokan shansa, in ya bar kwalba ya bar su, sai ya wayi gari daga la'asar zuwa sha biyun dare ba shi da wurin zama. Kaɗaici kuwa shi ke mai da mutum gidan jiya. Taron masu neman bari, in aka tuɓe masa rigar Turawa, sabuwar majalisa ce kurum, wadda sharaɗin zama a cikinta shi ne kowa ya zo da hankalinsa.

ABIN DA AKE YI A CIKI

Mutane da yawa suna tsoron zuwa don suna zaton za a tsare su da tambayoyi kamar a gaban alƙali. Ba haka abin yake ba. Ana zama ne kamar awa guda, a aji ko a wani ɗaki na asibiti ko duk inda aka samu aro. Wani daga cikin mahalarta, wanda shi ma mashayi ne da ya daɗe da bari, shi ke jan zaman. Ba likita ba ne, ba malami ba ne, ba a kuma biyansa. Akan karanta ɗan wani abu daga littattafan ƙungiya, sa'an nan wanda ya ga dama ya yi magana a kan kansa: yadda ya kasance, abin da ya same shi, da halin da yake ciki yau. Ba a katse mai magana, ba a yi masa gyara, ba a kuma ce masa ai da ka yi kaza. Baƙon da ya zo ranar farko yana iya yin shiru har a tashi, ba wanda zai matsa masa.

Sharaɗin shiga ɗaya ne tak, watau mutum ya kasance yana son ya daina sha. Ba kuɗin rajista, ba katin shaida, ba littafin da ake rubuta sunaye. Sunan yanka kaɗai ake faɗa, ba a tambayar sunan uba ko wurin aiki. Akan zagaya da ɗan kwano wanda ke da hali ya jefa abin da ya sawwaƙa don kuɗin shayi da na ɗaki, kuma ƙa'idarsu ce ba su karɓar gudummawa daga waje, ko daga gwamnati ko daga attajiri, don kada mai ba da kuɗi ya zama mai ba da umurni. Taron iri biyu ne. Akwai na buɗe, wanda iyali da ɗalibai da ma'aikatan lafiya ke iya halarta su saurara, akwai kuma na rufe, wanda sai mai fama da matsalar kaɗai.

Abubuwa biyu ne suka fi riƙe sabon shiga. Na farko, ba a ce masa ya yi alkawarin bari har abada, domin ya sha yin irin wannan alkawari ya karya. Ana ce masa ya riƙe yau kaɗai, in gobe ta zo a sake ɗaura niyya. Na biyu, yakan zaɓi wani wanda ya riga shi nisa ya zama jagoransa, mutumin da zai iya buga wa waya ko da tsakar dare in sha'awa ta taso. Wanda ya zame ya sha kuma, ba a korarsa. Kujerarsa tana nan.

Ko abin yana aiki? An daɗe ana gardama a kai, domin ƙungiyar da ba ta rubuta sunaye da wuyar bincike take. Amma a shekarar 2020 cibiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitoci, ta fitar da nazarin da John Kelly da Keith Humphreys da Marica Ferri suka yi a kan bincike 27 da suka shafi mutum 10,565. Sun gano cewa shirin da asibiti ke tsarawa don sada majiyyaci da tarukan A.A. ya kai sauran hanyoyin ba da shawara amfani, wajen barin sha ɗungurungum ma ya fi su: bayan shekara guda, kashi 42 cikin 100 ba su sake kurɓa ba, alhali a ɗaya hanyar kashi 35 ne. Sai dai mai karatu ya lura da abu biyu. Yawancin binciken a Amurka aka yi shi. Kuma ko a can, fiye da rabi sun sake taɓawa kafin shekara ta zagayo. Wanda duk ya ce maka yana da maganin da ke raba mutum da giya cikin kwana bakwai, riƙe aljihunka.

A FARA DA ASIBITI

Nan ne wurin da ya kamata a buɗe kunne sosai, domin kuskure a nan yana iya cin rai. Mutumin da ya shekara da shekaru yana sha kullum, jikinsa ya riga ya saba, in ya yanke farat ɗaya ba tare da likita ba yana iya shiga haɗari. Cikin awa shida zuwa ashirin da huɗu da kurɓar ƙarshe sai hannu ya kama rawa, gumi ya karyo, zuciya ta riƙa bugawa, barci ya ƙaurace. Waɗansu sukan faɗi suna jijjiga kamar masu farfaɗiya a kwana na farko ko na biyu. Mafi muni shi ne abin da kan zo wajen kwana na biyu zuwa na huɗu, inda mutum zai rikice, ya riƙa gane-gane da sambatu, jiki ya yi zafi. A gidajenmu da an ga haka sai a ce iska ce ta taɓa shi, a rufe shi a ɗaki a kawo turare. Alhali kuwa ciwo ne da likitoci suka sani sarai, suna da magungunan kwantar da shi da allurar bitamin da ke kare ƙwaƙwalwa, in kuwa aka bar shi yana kisa.

Saboda haka mashayin Jega ko Aliero ko Maiyama da ya yi niyya, ƙofarsa ta farko ita ce babban asibitin garinsu. Ya gaya wa likita gaskiyar abin da yake sha da yawansa, kada ya rage, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In abin ya fi ƙarfin nan za a tura shi gaba, ko asibitin Gwamnatin Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko kuwa asibitin masu taɓin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Na san da an ambaci Kware sai gaban mutum ya faɗi, ya ce shi ba mahaukaci ba ne. Gaskiya ne, ba mahaukaci ba ne, amma likitocin da suka karanci yadda maye ke kama ƙwaƙwalwa can suke zaune. Ma'aikacin gwamnati da ke tsoron kada labari ya kai ofis, ya sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin majiyyaci.

Akwai wata ƙofa da iyaye kan ruga gare ta cikin ruɗewa, wadda ya kamata a yi hattara da ita. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, waɗansu da mari a ƙafa, da tabon duka a baya. Cikin makonnin da suka biyo baya aka fasa irinsa a Daura da waɗansu garuruwa. Da yawa daga cikin waɗanda aka samu a ciki danginsu ne suka kai su da hannunsu don a raba su da shaye-shaye, suna kuma biyan kuɗi. Mari yana hana ƙafa tafiya, amma ranar da aka kwance shi sha'awar tana nan inda aka bar ta, ga kuma ƙiyayyar iyaye ta ƙaru a kai. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin majiyyaci na a bi da shi cikin mutunci.

TO, INA TARON YAKE?

Irin wannan taro ba ya kafa allo a bakin titi, ba a kuma shelarsa a rediyo, musamman a garin da kowa ya san kowa. Hanyar samunsa ita ce ta bakin waɗanda ke hulɗa da masu fama: likita ko nas na sashen ƙwaƙwalwa, jami'in jin daɗin jama'a na asibiti, da masu ba da shawara na hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989 kuma take da ofishinta na jiha a Birnin Kebbi. Ko da yake aikin hukumar ya fi karkata ga ƙwaya da wiwi, ai sau da yawa mai shan wannan shi ne mai shan wancan. A 2022 ta buɗe layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, wanda ake samun masu ba da shawara dare da rana ba tare da mutum ya bayyana kansa ba. Ɗalibi kuma yana da asibitin makaranta da ofishin kula da harkokin ɗalibai. Tambayar da za a yi ita ce, ko akwai zaman da waɗanda suka bari suke yi a tsakaninsu, yaushe ne, wa zan gani?

Ƙungiyar A.A. tana da taruka a manyan birane irin su Legas da Abuja, akwai kuma waɗanda ake yi ta wayar hannu a kowace sa'a ta dare da rana, mutum yana ɗakinsa, in ya so ma ba sai an ga fuskarsa ba. Aibinsu a wurinmu shi ne yawanci da Turanci ake yi. Ga ma'aikaci da ɗalibi wannan ba shinge ba ne. Ga manomin albasa da ɗan dako a tasha kuwa, shinge ne babba.

Shi ya sa nake ganin maganar da ta fi dacewa da garuruwan nan uku ita ce ta kafawa. A ƙa'idar A.A., mashaya biyu ko uku da suka taru don neman bari sun isa su kira kansu ƙungiya, muddin ba su jingina kansu ga wata jam'iyya ko hukuma ba. Ba a bukatar izni daga Amurka. Abin da ake bukata ɗaki ne da rana tsayayya a kowane mako, da mutum biyu da ba za su fasa zuwa ba ko da ba wanda ya zo. Wuri mafi rufin asiri shi ne cikin asibiti, domin wanda aka gani yana shiga asibiti ba a tambayarsa dalili. Kusancin garuruwan ma wata dama ce: mutumin Aliero da ke jin nauyin idon garinsu yana iya hawa mota ya halarci na Jega, na Jega ya tafi Maiyama, kowa ya koma gida kafin a rufe ƙofa. Wannan tunani na jinya a cikin jama'a ba baƙo ba ne a Nijeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya soma zaunar da majiyyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abekuta, tare da danginsu, har duniya ta zo koyo.

MAGANAR ADDINI

Ba za a ɓoye ba, A.A. ta tsiro ne daga cikin wata ƙungiyar Kirista mai suna Oxford Group, kuma har yau waɗansu tarukan a ƙasashen Turawa da addu'ar Kirista suke rufewa. Amma ƙungiyar ta ce ita ba ta wani addini ba ce, matakanta suna magana ne a kan miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya san Shi. Musulmin Amurka da suka so abin ya dace da aƙidarsu sun kafa tasu a birnin Baltimore a 1989, mai suna Millati Islami, suka gyara matakan bisa tafarkin Musulunci. A ƙasar Iran kuwa tarukan Narcotics Anonymous sun yaɗu ƙwarai, har ta zama ɗaya daga cikin ƙasashen da suka fi yawansu a duniya.

Akwai dai tambaya mai nauyi da wani ɗalibin ilmi zai yi: ashe ba an hore mu da mu rufa wa kanmu asiri ba in Allah Ya rufa mana? Yaya mutum zai zauna gaban jama'a yana tona laifinsa? Amsar da ta fi kwanta mini ita ce, akwai bambanci tsakanin mai bayyana saɓo don alfahari, da mai faɗin ciwonsa ga wanda zai taimake shi, kamar yadda ake gaya wa likita ko malamin da ake nema wa fatawa. Duk da haka wanda zai kafa irin wannan zama a ƙasar Gwandu, hikima ce ya fara samun limami ko malamin da ake jin maganarsa ya fahimtar da shi, don kada a wayi gari a ce ga wasu mashaya can suna taro. Malamai sun fi kowa sanin cewa haramcin giya mataki-mataki ya sauka, daga Suratul Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida. Sun kuma san labarin sahabin nan da ke cikin Sahihul Buhari, wanda aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda sha, har wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Kiristan da ke zaune a garuruwan nan shi ma yana da fastonsa, kuma a ɗakin taro ba a tambayar kowa inda yake ibada.

Saura mata. Macen da ta kamu ta fi namiji shiga uku, domin shi ana cewa ya lalace, ita kuwa ana cewa ta jawo wa dangi abin kunya, saboda haka takan ɓoye har sai hanta ta kumbura. Ba za ta zauna cikin maza ta buɗe baki ba, kuma bai kamata a nemi ta yi ba. A ƙasashen da abin ya kafu akwai tarukan mata zalla, a nan ma sai an sami wata nas ko malamar asibiti ta buɗe musu nasu ɗakin. Haka nan matan mashaya da iyayensu, waɗanda suka gaji da biyan bashi da ƙaryar cewa maigida zazzaɓi yake yi in an aiko daga ofis, su ma suna da abin da za su gaya wa juna. Tsarin Al-Anon nasu ne, kuma ana shigarsa ko da shi mai shan bai riga ya yarda yana da matsala ba.